Yadda za ka tantance kwas ɗin busasshiyar allura kafin ka biya kuɗinka

Wani ƙanena a wurin aiki, likitan fisiyo mai kyan hannu, ya taɓa shigo mini da satifiket a cikin leda, bakinsa har kunne. Kwana 2 ya yi yana koyon busasshiyar allura, siririyar allurar nan marar magani da ake soka wa ƙullin tsoka don ya saki. Ga hatimi a ƙasan takardar, ga makin CPD, wato makin ƙaro ilimi a bakin aiki, an rubuta ɓaro-ɓaro. Da ya kai wa kamfanin inshorarsa, sai suka ce ba su san da zaman kwas ɗin ba, in wani abu ya sami majinyaci, shi ta shafa. Har yau abin na ci mini rai, don ni na ce masa ya je.

Ka fara da hukumar da ta ba ka lasisi, mai sayar da kwas ya jira. Tambayar ita ce: a inda kake aiki, doka ta yarda likitan fisiyo ya huda fata da allura? Amsar ba ɗaya ba ce a duniya. A Amurka kowace jiha da dokarta. Yawancinsu sun yarda, amma Kalifoniya da New York sun hana. A lardin Ontario na Kanada sai ka shigar da sunanka cikin rajista ta musamman kafin ka taɓa allura. Rubuta wa hukumarka wasiƙa, ka ajiye amsar. Maganar waya ba ta tsaya maka ranar da aka kira ka gaban kwamiti.

Na biyu, kuma nan ne muka yi tuntuɓe: kalmar "amintacce" a jikin talla. Wa ya amince, kuma da me? Ƙungiyar da ta ba kwas makin CPD abin da ta ce kawai shi ne zaman ya isa a ƙirga shi cikin ƙaro ilimi. Ba ta ce ta gwada hannunka ba, ba ta kuma ba ka izini ba. Abu uku ne daban: maki, shaidar ƙwarewa, da izinin aiki. A Birtaniya hukumar HCPC ce ke yi wa likitan fisiyo rajista, amma AACP, ƙungiyar likitocin fisiyo masu aikin allura, da kanta ta gindaya wa mai son zama cikakken ɗanta horon sa'o'i 300 a aikin allura. Ka kwatanta wannan da zaman Asabar da Lahadi. Saboda haka ka karɓi jadawalin kwas ɗin, ka tura wa hukuma da kamfanin inshora tun kuɗin na aljihunka. Kwas mai araha da inshora ta ƙi, biya biyu ne.

Na uku, duba cikin jadawalin. Binciken da tarayyar hukumomin lasisin fisiyo ta Amurka ta fitar a 2015 ya nuna kashi 86 cikin 100 na ilimin da aikin ke buƙata an riga an samu a jami'a. Ragowar 14 ɗin nan ne kake saye, kuma a hannu yake. Ni dai duk kwas ɗin da aka gama a intanet ba na kallonsa. Sai malami ya tsaya a kanka kana tsunkule tsokar saman kafaɗa tsakanin yatsu, ka ɗaga ta, ka karkatar da bakin allura nesa da haƙarƙari. Huhu na nan kusa, in ka huda shi iska ta taru a ƙirji huhun ya lotse, wani lokaci sai bayan sa'o'i numfashi zai fara sarƙewa. Tambayi ɗalibi nawa malami ɗaya ke kula da su, kuma ko ana faɗuwa jarrabawar hannu.

Bayan ka gama, sanar da inshora da shugaban sashenka. Buɗe littafi ka riƙa rubuta tsokar da ka soka, tsawon allura, da abin da ya biyo baya, ko da ɗan jini ne. Nemi amincewar majinyaci a rubuce, tambayi juna biyu da maganin tsinka jini, allura sau ɗaya sai akwatin zubarwa. Watannin farko ka tsaya a ƙafa da damtse, tsokar bayan ƙirji kuwa sai da babba a gefenka.