Yadda Ake Taskace Hotunan Tsaunuka da Al'adun Mazaunansu a Kwamfuta

Hotunan da Vittorio Sella, wani mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Italiya, ya ɗauka a tsaunukan Ruwenzori da ke kan iyakar Uganda da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo a shekarar 1906 suna da daraja har yau saboda an san wurin da aka ɗauke su da lokacin, shi ya sa ake iya jera su da sababbi a ga yadda ƙanƙarar da ke kan tsaunukan ta ja da baya. Hoton tsauni da ba shi da bayani, komai kyansa, ya rasa rabin amfaninsa.

Da farko a ware hoto na asali, a ajiye shi a tsarin RAW ko TIFF, wato nau'o'in fayil da ke riƙe cikakken ingancin hoto, kada a taɓa yi masa gyara. Duk wani gyara a kan kwafi ake yin sa, domin tsarin JPEG, wato nau'in fayil ɗin hoto da aka fi amfani da shi, yana zubar da wani ɓangare na ingancin hoto a duk lokacin da aka gyara shi aka sake adanawa. Tsofaffin hotuna na takarda kuwa, a yi musu sikanin a kan dpi 600, wato ɗigo 600 a kowane inci, tare da bayansu idan akwai rubutu.

Babban aikin yana wajen rubuta bayani, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Kyamara tana adana ranar ɗauka da kanta a cikin bayanan EXIF, wato bayanan da take sakawa a cikin fayil ɗin hoton, amma ba ta san sunan kwarin ba, balle ta san ko da damina aka ɗauka ko da rani. Sai mai hoton ya cike gurbin IPTC, wato wurin rubuta bayani da ke cikin fayil ɗin hoton, da sunan wurin kamar yadda mazauna ke kiransa, da tsayinsa daga teku, da inda ya tsaya, da bigiren da ya fuskanta, domin wani ya iya komawa daidai wurin bayan shekaru masu yawa. Idan hoton makiyaya ne ko na wani biki, a rubuta sunan bikin da harshen masu shi, a kuma nemi izininsu kafin a sa shi a intanet, don akwai al'adun da ba a nuna wa baƙo.

Daga nan a yi kwafi uku a kan ma'adanai iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. A fitar wa kowane fayil lambar tantancewa ta SHA-256, wato lambar da kwamfuta ke lissafowa daga abin da ke cikin fayil, wadda ke canzawa da zarar fayil ɗin ya canza, a riƙa dubawa lokaci-lokaci, domin fayil yana iya lalacewa ba tare da an lura ba, kuma wannan lambar ce za ta nuna kwafin da ke da lafiya don a maye gurbin wanda ya lalace da shi.