Babi na 7: Zaɓen na'urar kiran taimako ga dattijo

A unguwannin Legas irin su Agege da Idi-Araba gida kan yi wayam tun da sassafe. Manya sun tafi kasuwa, yara suna makaranta, sai Baba ko Inna a ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin uku na masu shekara 65 zuwa sama yakan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Sau da yawa daɗewa a ƙasa ya fi faɗuwar illa. Tsohon da ya wuce awa ɗaya kwance a kan siminti jikinsa yana rasa ruwa, naman da ya danne yana lalacewa, har abin ya taɓa ƙoda. In kuma shanyewar ɓarin jiki ce, allurar da ke narkar da gudan jini ana yin ta ne cikin awa 4 da rabi daga lokacin da alamu suka fara.

Na'urar kiran taimako maɓalli ne da dattijo zai danna a ji shi. Ba ta ɗaga mutum, ba ta buɗe ƙofa. Don haka kafin ku taka zuwa kasuwannin kayan lantarki irin su Computer Village ko Alaba, ku zauna ku amsa wannan: idan Inna ta danna da ƙarfe 11 na safe ranar Talata, wa zai iso kanta cikin minti biyar? Amsar ita za ta nuna irin na'urar da za ku saya.

Idan kullum da mutum a gidan

Ƙararrawar ƙofa marar waya ta isa, kuma ita ce mafi araha. Kashi biyu ce: maɓalli a jikin dattijo, mai ƙara a wurin wanda zai amsa. Ba ta son sim, ba ta son kati.

Abu biyu ke ba da matsala. Na farko, nisan da aka rubuta a kwali a buɗaɗɗen fili aka auna shi. Bangon bulo da dakalin bene mai rodi suna rage shi ƙwarai, wanda aka ce yana kai mita 200 sai ya kasa tsallake ɗaki uku. Na biyu, yawancin masu ƙarar a soket ake maƙala su, da an ɗauke wuta sun yi shiru. Ku nemi mai batir, ko wadda ake caji da kebul irin na waya.

Idan dattijon yana wuni shi kaɗai, ko yana fita

A nan sai mai sim. Akwai ta ratayawa a wuya kamar laya, akwai ta ɗaurawa kamar agogo. Ana danna maɓallin a riƙe na 'yan daƙiƙu, sai ta tura saƙo ga lambobin da aka sa mata, ta kuma kira su ɗaya bayan ɗaya. Mai kyau tana da lasifika, ana magana da dattijon ba sai ya kara a kunne ba. Mai nuna wuri ta tauraron ɗan'adam tana da amfani ga wanda ke zuwa masallaci da ƙafa, ko wanda ya fara mantuwa yana ɓacewa. Amma a cikin ɗaki ba ta ganin tauraron sosai, sai ta dogara da turakun sabis, ta nuna wurin da ya kauce da ɗaruruwan mita.

Wani zai ce ai Baba yana da waya. Gaskiya ne, kuma akwai wayoyi masu manyan lambobi da maɓallin gaggawa a baya. Sai dai ba a shiga wanka da waya, banɗaki kuwa, da tayil da ruwan sabulu, yana cikin wuraren da tsofaffi suka fi zamewa. Wayar da ke kan katifa ba ta da amfani ga wanda ke kwance bakin famfo.

A yi hattara da wadda ɗan uwa zai aiko daga Amurka ko Ingila. Da yawansu an ɗaure su ne da ofishin amsa kira na can, ana biyan kuɗi duk wata. A Legas ba za su kira kowa ba. Ku tambaya tun kafin a saya: tana karɓar sim na MTN, Airtel ko Glo? Mu da kanmu za mu iya sa mata lambobi?

Abin da za ku duba a shago

Ruwa tukuna. Dattijo yana alwala sau da yawa a rana. Ku nemi alamar IP67 a kwali, ma'anarta ƙura ba ta shiga, kuma na'urar tana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Wadda sai an cire ta kafin alwala, ƙarshenta a taga za ta riƙa wuni.

Igiyar wuya ta zama mai mahaɗin da ke ɓallewa da kansa idan an fizga, don kada ta maƙale a ƙarfen gado ta shaƙe shi. Maɓalli ya zama babba, mai tudu, wanda hannu mai rawa ko mai ciwon gaɓoɓi zai iya dannawa a cikin duhu. Batir ya kai aƙalla kwana biyu, kuma na'urar ta riƙa tura saƙo idan caji ya yi ƙasa. Wanda aka sa wa na'urar bugun zuciya a ƙirji ya tambayi likitansa kafin ya rataya mai sim, domin ana son waya da maganaɗisu su yi nesa da ita da santimita 15.

Masu sayarwa suna yawan yabon na'urar da ke gane faɗuwa da kanta. Tana aiki ne da jin girgiza mai ƙarfi sannan shiru. Tsohon da jiri ya ɗebe ya sulale a hankali jikin bango, ba lalle ta ji shi ba. Ta kan kuma yi kira a banza idan an yar da ita kan tabarma. Ƙari ce mai kyau, amma a koya wa dattijo ya danna da hannunsa muddin yana iya.

Jerin lambobi

Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Ana sa babban ɗa a farko don girmamawa, alhali yana Lekki, mahaifiyarsa tana Agege, ga cunkoson motoci a tsakani. Lambar farko ta maƙwabcin da ke wuni a gida ce, ko maigadi, ko mai shagon bakin ƙofa. Ta biyu ta wanda ke da mota ko keke a unguwar. 'Ya'ya su biyo baya. Ku nemi yardar kowa, ku kuma sa su adana lambar na'urar da suna, misali "Inna gaggawa", don kada su ɗauka baƙuwar lamba ce su ƙi ɗagawa.

Lambobin gaggawa na Jihar Legas su ne 112 da 767, kiransu kyauta ne, ta nan ake samun motar asibiti ta LASAMBUS. Wanda ya iso wurin dattijon shi ya fi dacewa ya kira, domin za a tambayi adireshi da halin da ake ciki. Ku rubuta sunan layi, lambar gida, tashar mota mafi kusa, da magungunan da yake sha, ku manna a bayan ƙofa.

Ita ma ƙofar a yi maganarta. Tsofaffi suna son sakata. Ƙofar ƙarfe da aka sa wa sakata ta ciki, ga tagogi da rodi, sai an kira mai walda. A roƙi Baba ya riƙa kullewa da makulli kawai, ya zare shi daga ramin, a bar wani a hannun mai lambar farko.

Sim da gwaji

Sim ɗin sai an haɗa shi da lambar NIN kamar kowane layi. Ku zaɓi kamfanin da sabis ɗinsa ya fi ƙarfi a cikin banɗakin dattijon, ba a bakin titi ba. Ku sa kati, domin data kaɗai ba ta kira. Layin da ya yi watanni ba a taɓa shi ba kamfani yakan rufe shi, gwajin wata-wata yana hana haka. A kashe ajiyar saƙon murya a wayoyin masu amsawa, saboda wasu na'urori suna ɗaukar muryar injin a matsayin an ɗaga, sai su daina kiran na gaba.

Caji kuma a haɗa shi da wani abu na kullum, kamar zaman bayan sallar Magariba, lokacin da gida yake cike.

Aiki

Rubuta sunayen mutum uku da ke kusa da dattijon gidanku, da mintin da kowannensu zai ɗauka ya iso. Ranar da aka kawo na'urar, dattijon da kansa ya danna ta daga kan gado, daga banɗaki ƙofa a rufe, da kuma daga tsakar gida. Sannan mai lambar farko ya kashe wayarsa, a sake dannawa, a ga ko kiran zai wuce ga na biyu.