Kurakuran da matashin Katolika ya fi yi, da yadda zai gyara su

Na daɗe ina taimaka wa katikis ɗinmu, wato malamin koyar da addini a coci, da ajin matasa na ranar Asabar da yamma, kuma duk shekara abu ɗaya ne yake ci mini tuwo a ƙwarya. Mako guda kafin Bishop ya zo ba da sakramentin Tabbatarwa, wanda ake ƙarfafa mai baftisma da Ruhu Mai Tsarki, babu masaka tsinke a ajin. Mako biyu bayan bikin, sai ka ƙirga mutum huɗu ko biyar a kan benci. An ɗinka farin kaya, an ɗauki hoto, an ci shinkafa, shi ke nan an rufe littafi.

Wannan ne kuskuren farko, kuma daga gare shi sauran suke tsirowa: ɗaukar Tabbatarwa a matsayin ƙarshen karatu. Ku dubi maƙwabtanmu Musulmi. Yaro in ya yi saukar Alƙur'ani ba ya naɗe tabarma, sai ya wuce zauren malam ya shiga littattafan ilimi. Mu kuwa sai ka ga saurayi ya gama jami'a, amma abin da ya sani na bangaskiyarsa bai wuce wanda ya haddace yana ɗan shekara 13 ba. Ranar da tambayar manya ta same shi, ta ciwo ko ta mutuwa ko ta aure, sai ya tarar amsar yara ce kaɗai a hannunsa.

Gyaran ba shi da tsada. Babban Katekism na Ikilisiyar Katolika, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a 1992, yana da sakin layi 2,865, an kasa shi huɗu: abin da muka gaskata, sakramentoci, zaman Kirista da dokoki, sai addu'a. Ban ce ka fara da shi ba, yana da nauyi. Akwai taƙaitaccensa na 2005 mai tambaya da amsa 598, akwai kuma YOUCAT na 2011 da aka shirya domin matasa. Tambaya ɗaya a rana, kafin shekara biyu ka gama taƙaitaccen. In Turanci yana ba ka wuya, ka kakkaɓe ƙaramin katekism na Hausa da ka yi aji da shi, ka sake bin sa da hankalin da kake da shi yanzu.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne, kuma masu zafin zuciya ne yake kamawa. Wani yaro a ajinmu ya dawo daga taron matasa na kwana uku zuciyarsa cike, ya nuna mini littafin rubutunsa. Da jan biro ya jera: Mas kullum da asuba, addu'ar carbi ta Rosari, asirai ashirin cif kowace rana, azumi Laraba da Juma'a, karance Littafi Mai Tsarki cikin wata uku. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin kowanne. Bayan wata guda na tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai. Ya wuce Farawa da Fitowa lafiya, ya shiga Littafin Firistoci ya tarar da dokokin hadaya da na kuturta, ya tsaya cak. Da karatu ya tsaya, kunya ta sa ya bar Rosarin, daga nan ya fara tsallake Mas ɗin Lahadi ma, wai Allah ya gaji da alkawuransa.

Na ji zafin wannan ƙwarai, domin niyyarsa mai kyau ce, lodin ne ya fi ƙarfin jakin. Taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu. Abin da na gaya masa shi nake gaya wa kowa. Kada ka fara Littafi Mai Tsarki daga shafin farko kamar labarin hira. Ka fara da Bisharar Markus, sura 16 ce kawai, rabin sura a rana ta ishe ka wata guda. Daga nan Luka, sai Ayyukan Manzanni, domin marubucinsu ɗaya ne kuma labarin a haɗe yake. In kana son abin da ya fi wannan sauƙi, Ikilisiya ta riga ta tsara maka: karatun Lahadi yana zagayawa shekara uku, shekarar A Matiyu, B Markus, C Luka, Yohanna kuma ana jin sa musamman a lokacin Ista. Ka karanta Bisharar Lahadi tun daren Asabar. Za ka ji bambanci da safe, wa'azin Fada zai same ka da ƙasa a jiƙe.

Rosari ma haka. Asiransa, wato al'amuran rayuwar Yesu da Maryamu da ake tunani a kansu, 20 ne tun da aka ƙara na haske a 2002, amma an raba su bisa kwanaki: na farin ciki Litinin da Asabar, na baƙin ciki Talata da Juma'a, na ɗaukaka Laraba da Lahadi, na haske Alhamis. Biyar ke nan a rana. In biyar ɗin ma sun yi maka yawa, ka yi ɗaya, "A gaishe ki Maryamu" goma a nitse, hankalinka a kan asirin. Ya fi hamsin da aka zuba da gudu ido na kan waya. Kuma ka ɗaura addu'arka a jikin wani abu da ba ya fashi. A garuruwanmu kiran sallar asuba yana tashin kowa; babu laifi ka mai da shi agogonka, ka durƙusa ka yi addu'ar safe kafin hannunka ya kai ga waya.

Wajen sayen Littafi Mai Tsarki a duba da kyau. Namu littattafai 73 ne, 46 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabo. Wanda ya fi yawa a kasuwa mai 66 ne, babu Tobit, Yudit, Hikima, Sirak, Baruk da Makabiyawa na ɗaya da na biyu. Ka buɗe jerin sunaye a gaba kafin ka biya kuɗi.

Akwai kuma masu karatu don gardama kawai. A makaranta ko a shago an tsare su da tambaya: me ya sa kuke bauta wa Maryamu, me ya sa kuke furta zunubi ga mutum? Sai su ruga intanet su kwaso ayoyi kamar duwatsun jifa. Sanin amsa wajibi ne, kuma gajera ce: sujada ta Allah ce shi kaɗai, Maryamu girmama ta muke yi muna roƙon ta yi mana addu'a, ikon gafarta zunubi kuwa Yesu ne ya ba manzanni a Yohanna sura 20. Amma wanda ya koyi addini don ya kayar da abokin magana, zai ci gardama ya koma gida zuciyarsa a bushe. Ba kowane bidiyo mai hoton gicciye a WhatsApp ne koyarwar Ikilisiya ba. Abin da ya ɗaure maka kai, ka rubuta shi ka kai wa Fada ko katikis. Matambayi ba ya ɓata.

Azumi ma ana yawan rikita shi, saboda muna zaune cikin masu azumin watan Ramadan, sai wasu su ɗauka namu ma kame baki ne daga asuba zuwa faɗuwar rana har kwana 40. Dokar Ikilisiya ita ce: Larabar Toka da Juma'a Mai Kyau, wanda ya cika 18 bai cika 59 ba ya ci cikakken abinci sau ɗaya, da ɗan abin taɓawa sau biyu. Ruwa bai karya shi. Ƙaurace wa nama kuwa daga shekara 14 yake farawa. Wanda ya so ya ƙara, madalla, amma ya haɗa da addu'a da sadaka, kada ya sa wa kansa abin da zai kwantar da shi a zafin Maris.

Sai wanda ya fi ba ni tausayi, gudun konfeshan, wato furta zunubi a gaban Fada. Yarinya ta faɗi cikin zunubi, kunya ta hana ta zuwa, sai ta daina karɓar Jibi, wato jiki da jinin Yesu da ake karɓa a Mas, wata ya zama shekara. Wani kuma akasin haka, yana da babban zunubi a wuya amma yana bin layin Jibi don kada a lura da shi. Ƙanwata, ƙanena, Fada ba shi da ikon faɗa wa kowa abin da ya ji a konfeshan, ko da za a yanka shi. In idon Fadanku ne ba ka iya haɗawa da shi, ka tafi wani coci. Doka ta ce aƙalla sau ɗaya a shekara, amma wannan iyaka ce ta ƙasa. Sau ɗaya a wata ya fi riƙe mutum. In ka manta yadda ake yi, ka ce, "Fada, na daɗe ban zo ba, ka taimake ni." Zai bi da kai.

Na ƙarshe shi ne raba buri gida biyu, na coci daban, na duniya daban. Sai ka ga ɗalibi yana addu'ar novena ta kwana tara don jarrabawar JAMB, littafi kuwa ya yi ƙura, ko kuma ya haɗa kuɗi da abokai a sayi satar amsa. Karatunka da koyon ɗinkinka da gaskiyarka a kan ma'auni duk cikin bautar Allah suke. Shi ya sa nake ba 'yan aji shawarar binciken zuciya irin na Waliyyi Ignatius na Loyola, minti biyar kafin barci: ka gode wa Allah, ka bi yinin daga safe zuwa dare, ka ga inda ka yi daidai da inda ka kauce, ka nemi gafara, ka ɗauki abu ɗaya da za ka gyara gobe.

Yaron nan mai jan biro mun zauna da shi a ƙarƙashin darbejiyar coci, ya buɗe sabon shafi ya rubuta layi uku: rabin surar Markus da safe, asiri ɗaya na Rosari a hanyar shago, konfeshan Asabar ta farkon wata. Da muka haɗu makon jiya yana cikin Ayyukan Manzanni, ya tare ni da tambaya a kan dalilin da ya raba Bulus da Barnaba.