Ta ina za a fara gyaran jami'o'in gwamnati?

To a ce yau an ba ka kujerar kwamishinan ilimi mai zurfi, ko shugaban majalisar gudanarwar wata jami'a, shawarata ranka ya daɗe ita ce ka jingine maganar sabuwar jami'a da sabon get tukunna. Ko gwamnatin tarayya da kanta a watan Agustan 2025 sai da ta dakatar da buɗe sababbin manyan makarantunta na shekara 7, don an yi ta buɗewa ne kowane sanata yana son ta garinsu, alhali malaman dai su ne ba su ƙaru ba, sai ka ga farfesa ɗaya yana bisitin, wato koyarwar ziyara, a jami'a uku, rabin satinsa a kan titi yake ƙarewa.

Fara da takardun da ke durowa, kar ka kafa wani sabon kwamiti don Allah. Akwai yarjejeniyar gwamnatin tarayya da ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU ta 2009, akwai rahoton kwamitin Farfesa Mahmood Yakubu na 2012 da ya zaga jami'o'i ya ga komai da idonsa, a 2013 kuma aka yi alkawarin naira tiriliyan 1.3 na farfaɗo da jami'o'i cikin shekara 6. Yawancin yajin aikin da muka sha, alkawari ne aka sa wa hannu ba a cika ba. Na 2020 ya ci kusan wata 9, na 2022 daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, yara na zaune a gida wasu sun kama acaɓa wasu an yi musu aure. Saboda haka ka sa hannu a kan abin da baitulmali zai iya biya kawai, ko kaɗan ne, ka rubuta ranar biya kuma ka biya a ranar.

Sai wuta da ruwa, nan zan ɗan daɗe. Tun da aka kai Band A, wato rukunin masu samun wuta mafi yawa, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 kuɗin wuta ke cinye abin da jami'a za ta yi aiki da shi. Jami'ar Bayero ta Kano (BUK) ta samu tashar sola mai megawat 7.1 a 2019, irin wannan ake buƙata, amma ka ware kuɗin canza batir da na masu goge ƙura lokacin hunturu tun a kasafin farko, in ba haka ba an yi ba a yi ba. Ni da idona na ga na'urar gwaji a wani lab tana cikin kwalinta, ledar ma ba a ɓare ba, mai kula da ɗakin ya ce min babu tsayayyar wutar da za ta ɗauke ta, ɗalibai kuwa hotonta suke zanawa a littafi su ci jarrabawa.

Kuɗin TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantu daga harajin da kamfanoni ke biya, ba a albashi da shi, don haka ka karkata shi wajen lab, laburare da tura matasan lakcarori karo ilimi. Ofishin shugaban jami'a mai hawa biyar zai iya jira. Kowace kwangila a liƙa sunan ɗan kwangila da kuɗinta kowa ya gani.

Majalisar gudanarwa kuma a bar ta ta yi wa'adinta. A Yunin 2023 an rushe na jami'o'in tarayya, aka yi kusan shekara babu su, kuma su ne doka ta ba naɗa shugaban jami'a na shekara 5 zango ɗaya. Wajen naɗin a duba aikin mutum, a daina tambayar ɗan wace ƙaramar hukuma ne.

In dole sai ka ƙara kuɗin rajista, ka sanar tun semista guda kafin nan, ka yarda a biya kashi-kashi, ka buɗe tebur a makaranta da zai taya yara cike fom ɗin NELFUND, wato bashin karatu na gwamnatin tarayya, da yawansu a lambar NIN da BVN suke maƙalewa.