Yadda nike auna walwala da ƙarfin zuciyar yaran ajina

Malamai 'yan'uwana, mu dai mun iya auna lissafi da turanci, ƙarshen zango a miƙa ma yaro sakamako, wanga na ɗaya wancan na talatin, amma a tambayi malamin aji wane yaro ke cikin damuwa sai shi nuna mai ƙiriniya, alhali wadda ta lahe a bencin baya ko tari ba ta yi wataƙila ita ta fi buƙatar a duba ta. Na daɗe ina koyarwa a firamare nan cikin garin Sakkwato, to ga yadda nike yi.

Da farko ka manta da tambayar "lafiya kake?" Ɗan Bahaushe ko zazzaɓi na kaɗa shi lafiya lau zai ce, haka munka raine su, ga kunya ga tsoron malam. Kuma kafin komi ka shaida ma hedimasta, ka faɗa ma iyaye a taron iyaye da malamai, don ɗiyan mutane ne ba naka ba.

Abin da nike farawa da shi wata takardar tambayoyi ce da ake kira SDQ, wani likitan ƙwaƙwalwar yara na Ingila, Robert Goodman, ya fito da ita a 1997. Tambaya 25 ce an kasa ta gida biyar, kowane gida biyar-biyar: damuwar zuciya irin su yawan tsoro ko kukan ciwon kai da ciwon ciki, sai rashin ji, sai rashin natsuwa, sai matsala da abokai, sai na ƙarshe wanda ni shi na fi so, kyautata ma mutane, yaro na raba abinshi da wasu? Yana taimakon wanda ya ji ciwo? Kowace tambaya amsa uku gare ta, ba haka ba ne, wani lokaci haka ne, lalle haka ne, maki 0, 1, 2. Amma a kula, akwai guda biyar da ake juya makinsu, kamar ta cewa yaro na da aboki na kirki ko da guda, ni karon farko ban juya ba sai lissafin ya nuna min yaran da sunka fi kowa hankali su ne masu matsala, sai da na sake duka. Gida huɗun farko ake haɗawa, 0 zuwa 40, na kyautatawa shi kaɗai ake barinshi, 0 zuwa 10. Malami ko uwa ke cike ma yaro bisa abin da anka gani cikin wata shida da sunka wuce, yaro ba ya cikewa da kanshi sai ya kai shekara 11. In da hali ka samu uwar ta amsa tata, ka karanta mata da Hausa, don yaron aji daban yaron gida daban.

To amma ni ina son in ji daga bakin yaran ma. Nan ne nike zana tsani a takarda, dabara ce tsohuwa ta Hadley Cantril, matakala 0 a ƙasa rayuwa mafi muni, 10 a sama mafi daɗi, sai yaro shi nuna inda shike jin ya tsaya. 'Yan aji huɗu zuwa shida suna ganewa, ƙanana kuwa fuska uku ta ishe su, mai dariya, mai shiru, mai kuka.

Sai ɓangaren ƙarfin zuciya. Michael Furlong da abokan aikinshi a Kalifoniya ta Amurka sun yi ma'auni na 'yan firamare da ke duba abu huɗu, godiya, kyakkyawan fata, karsashi, da naci. Ni abubuwan huɗun na ɗauka na tsara tambayoyina da bakin da yaranmu ke ji. In lissafi ya gagare ka kana sake gwadawa ko rufe littafin kake? In ka tashi da safe kana ɗokin zuwa makaranta? Waye ya yi maka alheri satin ga?

Kar ka ce a ɗaga hannu, don Allah. Na gwada, aji duka ido na kan monita, ya ɗaga sun ɗaga ya sauke sun sauke. Yanzu gwangwanin madara uku nike jerawa bayan ƙofa, kowane da fuskar da na liƙa mai, in ba yaro marfin kwalba mai lambarshi, shi je shi kaɗai shi jefa. Bulala kuwa a kai ta ofis ranar. Lokaci ma da safe, bayan an dawo tara ciki da ɗan abu, ba ƙarfe sha biyu cikin zafin Afrilu ba da kowa ke neman ruwa, kuma ba satin jarabawa ba.

Da haka na gano wata yarinya 'yar aji biyar, SDQ ɗinta da na cike bai nuna matsala ba, ba rashin ji ba faɗa, amma a tsani ta ɗora yatsa kan 2. Na ce "'yata, mi ya sa nan?" Ta daɗe tana murza bakin hijabi kafin ta ce ba mai zama da ita lokacin tara, wai tana warin daddawa, tallanta take yi da yamma. Na mayar da ita benci guda da wasu biyu masu makin kyautatawa sama, na ba su aikin rabon littattafai tare. Zango na gaba da munka sake, yatsan ya hau 6.

Maki ba hukuncin likita ba ne. A tsarin asali na SDQ in jimillar gida huɗun da malami ya cike ta kai 16 ko sama ana cewa a ƙara dubawa, kuma da yaran Ingila anka yanke wanga iyaka, don haka kar ka liƙa ma ɗan wani suna, kar ka karanta maki gaban aji, takardun a kulle su. In ka ga abin ya wuce na aji, yaro ya daina ci, ya daina magana, ko yana zancen cutar da kanshi, ka zauna da iyayen a keɓe ka ba su shawarar ganin likita, a asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo ko na ƙwaƙwalwa da ke Kware. Sai dai ka san bakin da za ka faɗa da shi, don mutanenmu da sun ji Kware sai uban ya miƙe ya kaɗe riga, ni da "likitan yara" nike farawa.