Kafin Ka Nemi Makunnin Iskar Birki na Tsohuwar Dizal

Idan fitilar gargaɗin birki da ke gaban direba ta ƙi mutuwa a tsohuwar Ford mai injin dizal na lita 7.3, kada ka wahala neman makunnin zuƙar iska da aka daina ƙerawa. Ka fara duba siririn tiyon robar da ke shiga cikinsa, domin sau da yawa zafi ne ya tsaga bakinsa. Ka yanke wurin ka mayar.

A injin dizal famfon iska ne ke samar da zuƙar da ke sauƙaƙa taka birki, makunnin kuwa fitila kawai yake kunnawa idan ta yi rauni, saboda haka wani makunnin zuƙar iska da ake iya saitawa zai iya maye gurbinsa. Amma idan birki ya yi tauri a ƙafarka, famfon za ka bincika, sauya makunni ba zai amfane ka ba.