Bargon haɗe-haɗen ƙyalle: abin da ke sa kusurwoyi su ƙi haɗuwa

Salamu alaikum 'yan uwa masu ɗinki. Duk mai son haɗa bargo da ragowar atamfa, ta fara wanke ƙyallayen, masu duhu daban. Auduga tana tsukewa a wankin farko, ja da shuɗi kuma sukan zuba su ɓata farin da ke kusa da su. A goge su kafin a yanka.

Babbar matsalar dai bakin ɗinki ce, wato rarar yadin da ake bari tsakanin zaren ɗinki da gefen ƙyalle. In ana son kowane gida, wato yankakken ƙyalle mai kusurwa huɗu, ya fito inci 4, a yanka shi inci 4½, a bar kwatan inci kowane gefe, kada ya ƙaru kada ya ragu. Ku auna kwatan inci daga allura, ku manna salatif a jikin keke, ƙyalle ya riƙa bin gefensa. Ƙarin ⅛ na inci a kowane ɗinki, a layi mai gida 12, zai cinye kusan inci 3. Shi ya sa layuka ke ƙin daidaituwa.

Wajen guga a danna a ɗaga, ban da ja, don ja yana miƙar da yadi. Layin farko a kwantar da bakin ɗinkinsa dama, na biyu hagu, sai su shige juna a mahaɗa, a kafe da fil.

Audugar da ake shimfiɗawa a tsakiyar bargo da shafin baya su fi saman da aka haɗa faɗi da inci 4 kowane gefe. Ɗinkin haɗa su ukun a fara shi daga tsakiya zuwa waje, in ba haka ba bayan zai tattare.